Yadda Doctor Who ya ɓata a Landan aka tsinto shi a Jos

Ta yaya gidan talabijin kamar BBC zai shirya wasan kwaikwayo, miliyoyin mutane su kalla, sannan a wayi gari ba shi da kwafi ko ɗaya, sai an zo Jos a same shi a kan kanta cikin sito? Wannan tambaya tana tasowa duk lokacin da maganar tsofaffin shirye-shiryen Doctor Who ta motsa, ko dai don zagayowar ranar fara shirin, ko mutuwar ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan wasansa, ko jita-jitar cewa an sake tsintar gwangwanin fim a wani lungu na duniya. Amsoshin da ake bayarwa galibi shaci-faɗi ne. Wasu su ce gobara ce ta cinye ma'adanar BBC, wasu su ce kaset aka sato aka kawo Najeriya. Ba a yi gobara ba, ba a yi sata ba, kuma abin da aka samu a Jos ma ba kaset ba ne. BBC ce da hannunta ta goge shirin, bisa ƙa'idar aikin da kowa ya amince da ita a lokacin, kuma da yawa daga abin da ya tsira ya tsira ne don wasu ba su cika ƙa'idar ba.

## Shirin da ake magana a kai

Doctor Who ƙagaggen labarin kimiyya ne da aka fara nunawa ranar Asabar 23 ga Nuwamban 1963, kwana ɗaya bayan an harbe shugaban Amurka John F. Kennedy. Hankalin jama'a yana kan labarai, don haka aka sake nuna kashi na farko a mako mai zuwa. Jigonsa wani baƙo ne daga wata duniya, ba a san shi da suna ba sai Dakta, yana ratsa zamani da sararin samaniya cikin wata na'ura mai suna TARDIS. Daga waje rumfar wayar 'yan sanda ce shuɗiya, irin waɗanda suke bakin titunan Birtaniya a lokacin, daga ciki kuma ta fi gida faɗi. Niyyar farko ita ce a koyar da yara, wani lokaci a koma baya su ga tarihi, wani lokaci a yi gaba su ga kimiyya. Shi ya sa abokan tafiyarsa na farko malaman makaranta ne biyu, Ian mai koyar da kimiyya wanda William Russell ya fito a matsayinsa, da Barbara mai koyar da tarihi wadda Jacqueline Hill ta fito a matsayinta, sai jikarsa Susan, wato Carole Ann Ford.

Waɗanda suka kafa shi ba tsofaffin 'yan gidan ba ne. Sydney Newman, shugaban sashen wasan kwaikwayo, ɗan Kanada ne. Furodusa Verity Lambert ba ta kai shekara 30 ba, kuma ita kaɗai ce mace furodusa a sashen. Daraktan labari na farko, Waris Hussein, a Lucknow ta Indiya aka haife shi. Kuɗi kaɗan aka ba su, sai suka koma ga dabara. Kiɗan buɗe shirin Delia Derbyshire ce ta haɗa shi ba tare da makaɗi ko ɗaya ba: ta ɗauki sauti ɗaiɗai a tef, ta sauya musu sauri don su ba da muryar da take so, ta yanka da reza ta liƙa. Ƙarar tashin TARDIS kuwa mabuɗin gida ne aka goga a jikin igiyoyin tsohon fiyano. Dodannin da suka sa shirin ya yi suna tun Disamban 1963, wato Dalek, mutum ne a zaune cikin kowanne yana tura shi da ƙafa a kan ƙananan tayoyi. Kafin labarinsu na farko ya ƙare masu kallo sun kai kusan miliyan 10, kuma har yau a Birtaniya ana tsokanar yaran wancan zamani da cewa daga bayan kujera suka kalli shirin.

Yadda ake ɗaukarsa yana da nasaba da abin da ya biyo baya. Zangon farko kaɗai kashi 42 ne, kowanne kimanin minti 25. 'Yan wasa su shafe mako suna gwaji a wani zaure, ranar Juma'a su shiga situdiyo, da yamma a ɗauki kashin gaba ɗaya cikin abin da bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, a jere, kyamarori da yawa suna aiki lokaci guda. Gyara yana nufin a sa reza a yanka tef, tef ɗin da aka yanka kuwa darajarsa ta faɗi, don haka ba a tsayawa sai dole. In ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe, haka za a nuna.

## Hartnell da Troughton

William Hartnell, Dakta na farko, yana da shekara 55 aka ba shi aikin, aka sa masa farar sumar roba ya zama kamar ɗan saba'in. Kafin nan an fi saninsa da fitowa a matsayin sajan soja mai tsawa. A nan ya zama tsoho mai faɗa da mita wanda a hankali ya yi laushi, yara suka ɗauke shi kaka. Yakan rikita kalmomi, har ya kira Ian da sunan da ba nasa ba, masu kallo suka ɗauka halin Dakta ne. Wani ɓangare hali ne, wani ɓangare kuma ciwon daskarewar jijiyoyin jini ne da ya fara cin ƙarfinsa. Zuwa 1966 ya kasa ɗaukar nauyin aikin mako-mako.

A nan ne masu shirin suka yi kasadar da ta raya shi har yau. Tunda Dakta ba ɗan Adam ba ne, me zai hana jikinsa ya sabunta ya koma wani mutum dabam? Ranar 29 ga Oktoban 1966 Hartnell ya faɗi a daɓen TARDIS, haske ya rufe fuskarsa, da ya washe sai ga Patrick Troughton. Wannan kashi yana cikin waɗanda suka ɓata. 'Yan daƙiƙoƙin sauyin kawai suka tsira, don wani shirin yara mai suna Blue Peter ya aro su ya nuna a 1973.

Troughton bai kwaikwayi Hartnell ba ko kaɗan. Gajere ne mai baƙar suma a hargitse, da wando mai ɗaki-ɗaki da kwat da ta yi masa yawa, yana yawo da sarewa a aljihu. Dabararsa ita ce ya nuna kamar wawa ne matsoraci har abokin gaba ya rena shi, sannan fuskar ta canja cikin ƙiftawar ido ka ga ashe ya riga kowa gane inda aka dosa. Da jama'a ba su karɓe shi ba, da shirin ya mutu a 1967, ba a yi zancen Jon Pertwee da ya shigo da shi zamanin kala a 1970 ba, ko Tom Baker mai dogon mayafin wuya da ya yi daga 1974 zuwa 1981, balle dawowar shirin a 2005 bayan an dakatar da shi a 1989, ko Jodie Whittaker mace ta farko a matsayin, ko Ncuti Gatwa haifaffen Ruwanda. Matt Smith, wanda ya karɓi matsayin a 2010, ya sha faɗa cewa Troughton ne ya nuna masa hanya.

Matsalar ita ce gwanintar Troughton a fuska da hannu take, kuma shi ne gogewar ta fi shafa. Daga 1963 zuwa 1969 an yi kashi 253 masu baƙi da fari, 134 na Hartnell, 119 na Troughton. Kafin ganowar Jos, 62 daga cikin na Troughton babu su, fiye da rabi ke nan.

## Me ya sa aka goge?

A kan tef na bidiyo mai faɗin inci biyu ake ɗaukar shirin, wani ƙaton faifai mai nauyi da tsada wanda na'urarsa ta kai girman kabad. Injiniyoyin BBC ba su ɗauke shi wurin ajiya ba, sun ɗauke shi kamar allo: a rubuta, a biya, a wanke, a sake rubuta wani. Da zarar an nuna shiri, kuma sashen ciniki ya ce ya ɗauki kwafinsa, sai a bi tef ɗin da maganaɗisu a mayar da shi fili. Daga 1967 zuwa 1974 aka yi ta haka har babu tef na asali ko ɗaya da ya rage daga shekarun Hartnell da Troughton.

Akwai dalilan da suka sa babu wanda ya ga aibin haka. Ƙungiyar 'yan wasa ta Equity ta ƙulla yarjejeniyar da ta taƙaita yawan maimaici da kuma wa'adin yin sa, saboda tsoron kada gidajen talabijin su cika lokaci da tsofaffin shirye-shirye su bar 'yan wasa ba aiki. Tsoron yana da tushe. Amma sakamakonsa shi ne in wa'adi ya wuce sai an sake neman izinin kowa an sake biyansa, abin da ya sa ajiye tef ya zama asara. Sannan kala ta shigo, BBC2 a 1967, BBC1 a Nuwamban 1969, kasuwar baƙi da fari ta fara mutuwa. Bidiyon gida kuwa babu shi, sai 1983 aka fara sayar da Doctor Who a kaset.

Abin da ya fi ɓarna shi ne rabuwar aiki. Tef na hannun injiniyoyi. Ɗakin adana fina-finai yana karɓar abin da aka ɗauka a fim ne kawai tun asali. Sashen ciniki, BBC Enterprises, yana riƙe da kwafin sayarwa, kuma daga 1972 zuwa 1978 ya yi ta zubar da waɗanda izinin sayar da su ya ƙare don ya sami wuri. Kowane sashe yana zaton ajiya aikin ɗayan ne. Sai a 1978 aka naɗa Sue Malden ta zama mai zaɓen abin da za a adana, aka tsayar da zubarwa, aka fara ƙirga asara. Ba Doctor Who kaɗai abin ya ci ba. Hatta mafi yawan shirin da BBC ta yi a situdiyo daren da aka sauka a duniyar wata a 1969 haka ya tafi.

## Hanyar da ta kawo shi Najeriya

Ƙasashen da suke sayen shirin ba sa iya amfani da tef ɗin BBC, don tsarin hoton talabijin ɗinsu ya bambanta da na Birtaniya, wasu ma ba su da na'urar. Abin da kowane gidan talabijin yake da shi shi ne na'urar watsa fim mai faɗin milimita 16. Sai BBC ta riƙa kunna tef a wani allon talabijin na musamman, ta kafa kyamarar fim a gabansa ta ɗauka, sautin kuma a buga shi a gefen zaren. Fim na milimita 16 yana da hoto 40 a kowace ƙafa, ana juya 25 a daƙiƙa, don haka kashi ɗaya na minti 25 hoto 37,500 ne, zare mai tsawon kusan ƙafa 940, a naɗe cikin gwangwani guda.

Buga wa kowace ƙasa sabon kwafi yana da tsada, sai aka riƙa zagayawa da kwafi ɗaya. Ostireliya ko Hongkong su nuna, su tura Singafo ko Niyu Zilan, daga can a tura Afirka. Najeriya, Gana, Saliyo, Kenya, Yuganda, Zambiya da Habasha duk sun saya, har an yi fassarar wasu labaran da Larabci. Wanda fim ya ƙare a hannunsa yana da zaɓi biyu a takarda: ya mayar Landan, ko ya lalata ya aika da shaidar ya lalata. Wanda aka mayar Landan kafin 1978 kuwa, sau da yawa bola ya tafi.

Najeriya ta dace da wannan ciniki don tashoshinta ba ɗaya ba ne. Ibadan ta fara a 1959, Kaduna a 1962, kowace jiha ko yanki da tashi tasha da nata sayayya. Ta Jos, mallakar jihar Binuwai da Filato, ta fara aiki a 1974, kuma ita ta fara watsa hoto mai kala a ƙasar a 1975. A tsakiyar shekarun 1970 ɗin nan ne aka sayar wa Najeriya wasu labaran Troughton, lokacin da ƙasashe da dama sun daina sayen baƙi da fari, wato nan ce tashar ƙarshe. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin duka a ƙarƙashin NTA. Irin wannan sauyin hannu yakan raba kaya da takardunsa, gwangwani ya zauna a kanta ba mai tambaya. Tun a tsakiyar shekarun 1980 ma an dawo da kashi shida da suka ɓata daga Najeriya, uku na The Time Meddler da uku na The War Machines, duk na zamanin Hartnell, ko da yake an same su da gurbin wuraren da masu tace fina-finai na wata ƙasa suka yanke.

## Abin da aka tarar a Jos

Philip Morris, shugaban wani kamfani mai farautar tsofaffin shirye-shiryen talabijin, shi ya bi sawun takardun jigila har ya isa siton wata tashar talabijin da ke Jos. Ya ce ya share ƙura daga kan tef ɗin liƙi da ke jikin gwangwanayen ya ga sunan shirin, kuma kwafin daga Hongkong suka taso. Ranar 11 ga Oktoban 2013, wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin shirin ya cika shekara 50, BBC ta sanar da dawowar kashi 11, tara daga ciki babu su a ko'ina. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97.

Labari na farko shi ne The Enemy of the World, kashi shida, wanda aka nuna daga Disamban 1967 zuwa Janairun 1968. Kashi na uku kaɗai BBC take da shi a da, kuma shi ne mafi sanyi a cikinsu, yawancinsa surutu ne a baranda da ɗakin girki. A kansa aka yanke wa labarin hukunci shekara da shekaru cewa ba shi da armashi. Da aka ga sauran, sai gani ya kori ji. Kashi na farko ya buɗe a bakin teku, Dakta ya tuɓe kaya ya bar dogon wandon ciki ya ruga cikin ruwa yana murna kamar yaro, abokan tafiyarsa suna kallonsa, kafin mahara su biyo su a ceto su da jirgi mai saukar ungulu. A sautin da aka daɗe ana saurare, wannan wuri ƙarar ruwa ce da ihu kawai. Kuma a labarin Troughton mutum biyu ne, Dakta da wani mugu mai suna Salamander da ke neman mulkin duniya a shekarar 2018. Fuska ɗaya ce, amma tsayuwa da kallo da motsin baki sun bambanta har kana iya gane lokacin da Dakta yake kwaikwayon Salamander bai gama iyawa ba. Wannan aiki ne mai hawa uku, kuma kunne kaɗai ba ya kama shi.

Na biyu shi ne The Web of Fear, na Fabrairu da Maris 1968, inda dodannin Yeti suka mamaye hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan. A situdiyo aka gina ramukan, amma darakta Douglas Camfield ya ɗauke su cikin duhu da gwaninta har ana ba da labarin cewa hukumar jiragen ta yi ƙorafi tana zaton an shiga ramukanta ba izini. An samu kashi na 1, 2, 4, 5 da 6. Na uku ne babu, kuma shi ne wanda Nicholas Courtney ya fara fitowa a matsayin Kanar Lethbridge-Stewart, hafsan da daga baya ya zama Birgediya, wanda ya ci gaba da fitowa a matsayinsa har 2008. A 2015 Morris ya ce kashi na ukun yana kan kanta ranar da ya fara gani, ya ɓace ne kafin a kammala maganar dawo da kayan, kuma yana zaton wani mai tara fina-finai ne ya saye.

Frazer Hines da Deborah Watling, wato Jamie da Victoria, abokan tafiyar Dakta a labaran biyu, sun halarci taron da aka fara nuna wa 'yan jarida, suka kalli kansu bayan shekara 45. Watling ta mutu a 2017. Troughton bai ga ko ɗaya ba, ya mutu a 1987 a wurin taron masoya shirin a Amurka, Courtney kuma a 2011.

## Abin da masu kallo suka riƙe da kansu

Duk kashin da ya ɓata, sautinsa yana nan cikakke. Yara da matasa ne a Birtaniya da wasu ƙasashe suka riƙa ajiye makirfon rakoda a gaban talabijin duk Asabar, wasu masu wayo suka jona waya kai tsaye cikin akwatin don kada hayaniyar gida ta shiga. Akwai kuma wani mai hoto, John Cura, da sana'arsa ita ce ɗaukar hoton allon talabijin, gommai a kowane kashi, ya sayar wa daraktoci da 'yan wasa. Sai abin dariya: guntayen da hukumar tace fina-finai ta Ostireliya ta yanke don sun yi ban tsoro, ita ta adana su a ma'adanar gwamnati, aka gano su a 1996. A wasu labaran, wuraren da aka hana yara gani su kaɗai suka rage. Sauran sun dawo daga wurare mabambanta, kashi biyu daga ɗakin ƙasa na wani coci a Landan a 1983, The Tomb of the Cybermen sukutum daga Hongkong a farkon shekarun 1990.

## Me ke kashe fim, kuma ta yaya ake farfaɗo da shi?

Zaren fim na wancan zamani da sinadarin asitet aka yi shi. Zafi da laima suna sa shi ya fara sakin ruwan tsami mai warin khal, tsamin kuma yana hanzarta lalacewar, don haka in ta fara ba ta komawa baya. Zaren ya tsuke, ya kanannaɗe, ramukan gefensa su daina shiga haƙoran majigi, a ƙarshe fatar da hoton ke kai ta rabu da shi. Ƙarin zafi na digiri biyar ko shida yana kusan ninka saurin wannan. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ta fi yawancin garuruwan ƙasar sanyi, kuma hoton baƙi da fari da azurfa aka yi shi, ba ya koɗewa kamar rinin fim mai kala. Waɗannan biyu sun taimaka ƙwarai.

In fim ya isa hannun masu gyara, sai a duba shi da hannu, a gyara mahaɗai da ramukan da suka yage, a wanke da sinadari, a ɗauki kowane hoto zuwa kwamfuta, a cire ƙura da karce. Saura matsala ɗaya. Bidiyo na asali yana nuna rabin hoto 50 a daƙiƙa, fim ya mayar da shi 25, motsi ya rasa santsinsa. Wata manhaja mai suna VidFIRE tana lissafa hoton da ya kamata ya kasance tsakanin kowane biyu ta cike gurbin. Wasu labaran Pertwee ma da kwafin baƙi da fari kawai ya rage an dawo musu da kala, ta hanyar karanta wasu ƙananan ɗigogi da siginar kala ta bari a jikin fim ɗin.

## Inda ake saɓani

Na farko shi ne mallaka. Gwangwanin yana iya zama na wanda yake hannunsa, amma haƙƙin nuna abin da ke ciki na BBC ne da marubuta. Mai riƙe da shi ba zai iya sayar wa jama'a ba, BBC kuma ba ta da hoton. Wasu masu tara fina-finai suna ɓoye nasu don tsoron ƙwace ko tuhuma, musamman in asalin kayan daga bolar BBC wani ma'aikaci ya tsame shi. Yawan surutun masoya kuma yana tada farashi, abin da ya sa masu nema suke aiki a asirce, asirin kuma yake haifar da jita-jita.

Na biyu shi ne cike gurbi. Tun 2006 BBC take ɗora zanen katun a kan tsohon sauti, ta yi wa labarin Troughton na farko gaba ɗayansa a 2016, ta yi wa kashi na uku na The Web of Fear a 2021. Masu goyon baya sun ce labarin da ba a iya kallo matacce ne ga sabon mai kallo. Masu suka sun ce mai zane zato yake yi. Ganowar Jos ta ƙarfafa hujjar masu suka, don babu mai zanen da zai ƙago abin da Troughton ya yi da fuskarsa a matsayin Salamander. Haka ma bidiyon da ake haɗawa yanzu da ƙirƙirarriyar basira daga hotunan Cura: bakin yana motsi, amma wasan ba na ɗan wasan ba ne. Katun ɗin yana da amfani muddin an faɗa wa mai kallo cewa katun ne.

## Wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya

Maganar ta shafe mu ta wata fuska. Tashoshin Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato sun yi wasanninsu na Hausa a kan irin waɗannan tef da fim, zamanin su Samanja da Karkuzu, kuma su babu kwafin da aka tura Hongkong. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana ɗaukarsa ɓatacce sai a 2016 aka gano shi cikin kayan Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ma'adanar fina-finai da sauti ta ƙasa ma a Jos take.

Don haka wanda ya tarar da gwangwanin fim a siton ofis ko cikin kayan gado, kada ya fara da neman majigi, don zaren da ya tsuke majigi yaga shi yake yi. Ya ɗauki hoton rubutun da ke jikin gwangwanin da na farkon zaren, kada ya jefar da gwangwanin ko ya yi tsatsa sai an kwafe bayanansa. Ya buɗe a wuri mai iska. In ya ji warin khal ya raba shi da sauran, don tururin yana kama na kusa. In zaren ya manne ko ya yi fumfuna kada a ja shi, kada a sa masa ruwa. A ajiye shi a kwance a ɗaki mafi sanyi da bushewa, nesa da rufin kwano da ƙasa. Firji yana tsawaita ransa in an rufe shi cikin leda marar shigar iska, amma inda ake yawan ɗauke wuta, sanyi da zafi da raɓa da ke biyo baya sun fi ɗaki mai matsakaicin sanyi illa. Fim mai faɗin milimita 35 da aka yi kafin farkon shekarun 1950 kuwa yana iya zama na naitiret, wanda yake kama wuta da sauƙi kuma ruwa ba ya kashe ta, wannan sai ƙwararru.

Kaset na bidiyo nasa ciwon dabam ne. Gam ɗin da ke riƙe da garin maganaɗisu yana shan laima ya yi danƙo, in aka kunna ya yi ƙara ya toshe kan na'ura, hoton ya kankare har abada. Masu gyara suna gasa shi a zafin digiri 50 zuwa 55 na sa'o'i da yawa a na'ura mai daidaita zafi, ba a murhun girki ba, kuma sauƙin na ɗan lokaci ne, dole a kwafe nan da nan. A ajiye kaset a tsaye, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. In an kwafe, a yi kwafi uku, ɗaya a wani gari, kuma kada a zubar da na asali. Abin da ya fi matsawa yanzu shi ne na'urorin kunnawa: kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016, na U-matic, wani kaset na gidajen talabijin, da tef mai inci biyu kuwa sai dai a fasa wata a gyara wata.